Gandayen Fanisau: Littafin Aikin Neman Sunayen Gonaki

14 ga Oktoba, 2023

Yau na fara, da sunan Allah. Tun ina yaro sunan Fanisau ba ya zuwa kunnena sai tare da hawa. Bayan Babbar Sallah Sarki ya fito daga birni da dogarai da 'yan lifidi, ya tafi gidansa na can ya wuni, la'asar sakaliya a juyo. Mu yara mu bi ƙura har inda ƙafa ta gaji. Ban taɓa tambayar abin da ya kai gidan Sarki wannan ɗan gari ba, balle in tambayi wanda ya noma hatsin da aka ci a gidan. Kakata ta wajen uwa daga Fanisau aka kawo ta aure cikin birni. Mace ce mai son labari, amma da zarar an ambaci gandu sai ta miƙe ta ce za ta duba tukunya. Ta rasu ban tambaye ta ba, abin yana cina har yau.

Ga abin da na ƙudura: in bi gonakin da ke kewaye da garin ɗaya bayan ɗaya, in rubuta tsofaffin sunayensu, in zana iyakokinsu, in naɗi maganar dattawa a kan waɗanda suka mallake su da waɗanda suka sunkuya a cikinsu. Asabar kaɗai nake da ita, sauran ranaku ina aji. Kayan aikina waya ce da littafi mai kaurin bango da babur.

Garin yana ƙaramar hukumar Ungogo, bayan filin jirgin sama. Wasu su rubuta Panisau, wasu Fanisau. Na je na kwashi gaisuwa wurin masu gari, na faɗi abin da ke tafe da ni, aka sa mini albarka, aka haɗa ni da wani dattijo da aka ce babu kunyar gonar da bai sani ba.

28 ga Oktoba

Kaka ta yi. An gama da gero, dawa tana tsaye da kai a sunkuye. Dattijon nan ya riga ni fitowa, na same shi a gindin masallaci riƙe da sanda. Kafin mu taka ko'ina ya tsayar da ni.

"Ɗana, wane gandun kake nema? Gandu biyu ne."

Na ce, "Baba, a fahimtar da ni."

Ya ce akwai gandun gida, inda uba da 'ya'yansa maza suke noma gona ɗaya, a zuba a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya, uban ya biya haraji ya yi wa yaran aure. Wannan kowa yana alfahari da shi. Sannan akwai gandun Sarki da na masu sarauta da na attajirai, wanda bayi suke nomawa ƙarƙashin sarkin gandu. A ƙasar Zazzau irin wannan ƙauyen bayin rinji ake ce masa. Ya dube ni ya ce idan na biyun nake nema, to in riƙa tauna magana kafin in fito da ita.

Muka yi tafiyar kusan awa uku. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙasa take riƙe iyaka ko da takarda ba ta riƙe ba. Layin gamba da aka dasa tun kakanni yana nan a miƙe, ana yanka shi a yi zana, ya sake tofowa a gurbinsa. Ya nuna mini wata tsamiya mai kogo, ya nuna wata kuka can nesa da kyar nake hango ta, ya ce daga nan zuwa can gona ɗaya ce a da. Yanzu na ƙirga gonaki goma sha huɗu a tsakaninsu. A tsakiya akwai wani ɗan tudu da ƙasarsa ta fi ta kewaye baƙi, cike da fasassun katanga na tukwane. Na durƙusa na tsinci ɗaya, bakin tulu ne, da zanen yatsa a jikinsa. Ya ce nan ne mazaunin masu noman. Babu ko tubali ɗaya a tsaye, ɗakunan kara ne da ciyawa. Gidan Sarki na ƙasa ya kai shekara ɗari biyu ana yi masa yaɓe, na waɗanda suka ciyar da shi bai bar komai ba sai toka da katanga.

Na sa alama a taswirar waya a wuri tara.

11 ga Nuwamba

Ban fita gona ba yau, na zauna na jera tarihin garin don in san inda zan rataya abin da dattawa suke faɗa.

Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819 bayan rasuwar Sarki Sulaimanu, ya tarar da ƙasa tana tawaye ta ko'ina. Mafi tsanani shi ne na Ɗan Tunku daga arewa, wajen Dambatta, wanda daga baya rigimarsa ta haifar da masarautar Kazaure. Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake zaunar da mayaƙa don su tare hanyar birni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ƙarfafa kafa irin waɗannan garuruwa a bakin iyakoki.

To a nan ne na ga igiyar da ta ɗaure abubuwa biyun. Barde ba ya noma yana kan doki. Shi yana son tuwo, dokinsa yana son dawa da harawa da ciyawa, rani da damina. Dole a sami masu noma a gefen sansani, kuma yaƙin da ake yi shi ke kawo su. Ribaɗi da gandu tare suka tashi, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Fanisau kuma ba ita kaɗai ba ce: akwai gandayen Sarki a Dorayi da Nasarawa da Gasgainu da Giwaram, ga Gandun Albasa da yanzu ya zama unguwa a tsakiyar gari, mutane suna faɗin sunan kullum ba su jin abin da ke cikinsa. Manyan bayin Sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda Dabo ya farfaɗo da sarautunsu, su ne ke tsakanin fada da gonakin. Bawa mai rawani yana ba da umarni, bawa mai fartanya yana cikawa. Kalma ɗaya ce ta haɗa su, amma rayuwarsu ko kusa.

25 ga Nuwamba

Akwai wani tsoho da aka ce mini mahaifinsa ya yi sarkin gandu. Sau biyu ina ɗaga zuwa wurinsa saboda gyaran takardun jarrabawa. Yau na je na tarar da tabarmi a ƙofar gida, jiya aka yi sadakar uku. Na yi ta'aziyya na dawo. Allah ya jiƙansa. Daga yau na sake jera sunayen, mafi tsufa a sama.

9 ga Disamba

Cikin gida ba wurin shigata ba ne, don haka na roƙi ƙanwata ta raka ni. Na ba ta waya da tambayoyi a rubuce, ta ajiye takardar a jaka, ta zauna ta taya wata tsohuwa ɓarar gyaɗa har awa biyu. Abin da ta fito da shi ya fi duk abin da na samu a wata biyu.

Tsohuwar ba ta ga zamanin ba, daga bakin kakarta ta ji. Ta ce da hantsi ake fita gandu, a jeru kowa da kunyarsa, sarkin gandu yana baya. Mata su dafa a kawo gona da rana. Bayan azahar a tashi, kowa ya wuce gayaunarsa, ɗan fegin da aka yanka masa ya shuka abin da ya ga dama. Juma'a ba a fita gandu. Abin da mutum ya samu a gayauna nasa ne, ya ci ko ya kai kasuwa. Na sha jin mutane suna kawo wannan don su nuna bautar ƙasar nan mai sauƙi ce. Tsohuwar da kanta ta rufe wannan ƙofa. Ta ce wa ƙanwata, "'Yar nan, wanda ya yi huɗa tun hantsi, wane ƙarfi ya rage masa da la'asar? Kuma gayaunar ai ba tasa ba ce, aro ce." Ta ce wanda ya yi gardama ko ya yi yunƙurin gudu, abin da ake tsorata shi da shi biyu ne: a kai shi Gidan Ma'ajin Watari cikin birni a ɗaure, ko a kai shi kasuwa. Na biyun aka fi tsoro, don shi ke raba uwa da ɗa.

Aikin mata kuwa ba ya ƙarewa da tashi daga gona: sussuka, casa, daka, ɗiban ruwa, da dare kuma kaɗi, mazari yana juyawa har barci ya kwashe mace a zaune. Wanda aka haifa cikin bauta a gidan, shi ne bacucane, ba a cika sayar da shi ba, ya tashi da Hausa da salla kamar kowa. Na gidan Sarki ana gane su da tsagar uku-uku a kumatu. Ƙanwata ta ce da tsohuwar ta zo nan sai ta kai hannu ta shafa nata kumatun, ta yi shiru, sannan ta ci gaba da ɓara.

Na saurari naɗin sau uku a daren nan. Ƙarar kwanson gyaɗa tana ciki daga farko har ƙarshe.

30 ga Disamba

Hutun makaranta ya ba ni kwana uku a Kaduna, a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Na karanta rahotannin kimar haraji na gundumomin da ke kewaye da birnin Kano. Turawa mutane ne masu ƙirga: jakuna, shanu, awaki, rijiyoyi, karofi, masaƙa, duk sun jera. A farkon mulkinsu suka baza malaman taki, masu auna gona da tafiyar ƙafa don a yanka mata haraji daidai girmanta. Da na ga haka na yi murna, ina zaton zan sami iyakokin gandaye a shirye.

Abin da takardun suke so shi ne wanda zai biya, ba wanda ya noma ba. Mutanen da nake nema sukan fito ne a dunƙule, ba suna, a cikin jimla ɗaya, sannan a wuce zancen farashin dawa. Duk da haka na kwafo sunayen ƙauyuka da unguwanni masu yawa da zan gwada a kunnen dattawa. Rubutun Bature yakan karya sunan, sai ka maimaita shi da ƙarfi sau biyu ko uku kafin ka gane garin da ka sani ne.

20 ga Janairu, 2024

Yau shekara 200 cif da shigar Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton birnin Kano, ranar 20 ga Janairu, 1824. Ya taso daga Barno, abokin tafiyarsa Dokta Oudney ya rasu a hanya kusa da Katagum 'yan kwanaki kafin nan. Bai sami Sarki a birni ba, Dabo yana sansani a Fanisau saboda yaƙin Ɗan Tunku, sai can aka kai shi ya gaishe shi. Shi ne ya kimanta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Kimar baƙo ce da ido, amma baƙon ya ga abin da na gida ya saba da shi har ya daina gani.

Na je da hunturu da ƙura na tsaya inda dattawa suka ce ganuwar garin ta bi. An ɗebe ƙasar an yi gini da ita, sai ɗan tudu-tudu a bayan gidaje da wani kwari da ya zama juji. Na ɗauki hoto goma sha biyu. Wani yaro ya tambaye ni me nake ɗauka, na ce ganuwa. Ya waiga hagu da dama ya ce, "Malam, ina take?" Na kama hannunsa muka taka a kanta tare har ƙarshen layin.

3 ga Fabrairu

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903 sojojin Kanar Morland suka fasa Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Na zaɓi yau in tambayi dattijona abin da ya biyo baya a gonaki, don a makaranta abin da muke koya wa yara gajere ne: Turawa sun zo, sun hana bauta. Ba haka abin ya tafi ba.

Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Da Kano ta faɗi, da yawa sun gudu, musamman waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, masu tuna hanyar gida. Turawa suka tsorata kada gonaki su koma saura, haraji ya faɗi, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su juya musu baya. Sai suka toshe wa mai gudu hanyar samun gona, suka tura mutane ga murgu da fansa. Murgu shi ne bawa ya riƙa biyan ubangidansa wani abu a kai a kai don a bar shi ya yi aikin kansa. Fansa kuwa a yanka masa kuɗin kansa a gaban alƙali, ya yi ta biya har ya cika. Sai 1936 aka soke bautar ɗungurungum. Shekara talatin da uku ke nan bayan shigowarsu.

Dattijon ya ce gyaɗa ce ta fanshi mutane da yawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, daga 1912 kasuwarta ta buɗe. Mai gayauna ya shuka gyaɗa, ya tara sule a kan sule. Ya ce ya san gidan da kakansu ya yi damina bakwai yana biya. Amma ya ƙara da cewa masu gandu ma gyaɗar suka shuka, da hannun mutanen nan dai, kuma nasu buhunan sun fi yawa a dala.

Na tambaye shi, bayan an fanshi kai, gonar fa? Ya ce wasu an bar musu inda suke nomawa, suna kai damin gaisuwa duk kaka. Wasu sun tashi sun sari daji. Wannan amsar ita ce zan bi gona-gona, don ita ce ta raba wanda yake da fili yau da wanda ba shi da shi.

17 ga Fabrairu

Na yi kuskure babba, kuma dole in rubuta shi a nan.

Ranar Talata na tura hoton taswirar da na zana da hannu a wani zauren WhatsApp na masu son tarihi. A kan tudun nan mai katanga na rubuta sunan gidan da aka ce mini zuriyar mazauna wurin ne. Ban yi tunani ba, murnar aiki ta ɗauke ni. Kafin kwana biyu hoton ya zaga ya isa garin.

Yau ina kafe babur wani magidanci ya tare ni. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, kai ne mai taswira?" Na ce ni ne, Alhaji. Ya ce 'yarsa ce ake nema da aure daga cikin birni, an kawo kuɗin gaisuwa, ana cikin binciken asali. Ya ce, "Kai tarihi kake rubutawa, mu kuma a cikinsa muke kwana." Na rasa ta cewa. Na ba shi haƙuri, na goge hoton a gabansa, na san kuma gogewar ba ta dawo da abin da ya riga ya fita.

Na wuce wurin dattijona na faɗa masa. Ya ce, "Ai na gaya maka ka riƙa taunawa." Ya ɗauki sandarsa ya raka ni har gidan mutumin, muka zauna a soro, aka sake ba da haƙuri da bakin manya. Ya yafe, Allah ya saka masa.

Na kwana ina juya abin. Raina yana ce mini laifin ba na waɗanda aka kamo ba ne, ba na jikokinsu ba ne, babu abin kunya a kasancewa jikan wanda aka zalunta. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma ba ni ne zan biya kuɗin wannan gaskiyar ba, yarinyar nan ce. Don haka daga yau littafi biyu ne. Na fili yana ɗauke da sunayen gonaki da iyakoki da yadda aka yi aiki. Na rufe yana ɗauke da sunayen mutane da gidaje, kuma babu sunan da zai fita daga cikinsa sai masu shi sun ce a fitar. Na koma wurin duk wanda na naɗa na sake neman izini. Mutum biyu sun ce a cire nasu, na cire.

2 ga Maris

Tsamiya mai kogo ta tafi. Na tarar da kututture da tulin itace, an kafa duwatsun fuloti an shafa musu jan fenti. Wani dillalin fili yana wurin da igiyar awo, ya zaci saye na zo. Hamsin-hamsin ake yankawa, ya ce rabin layin ya ƙare tun kafin a share. Ba na ganin laifin magadan da suka sayar, gona ta rabu kashi-kashi har ba ta ciyar da gida, ga birni ya iso bakin ƙofa. Amma sunan gonar ba ya shiga takardar ciniki, lamba ce take shiga. Da an yi gini, unguwar za ta ɗauki sunan wanda ya fara kafa masallaci ko gidan mai.

Na roƙi dillalin ya riƙe mini bakin igiya, muka auna kututturen: taku huɗu da rabi a kewaye. Na rubuta. Gonaki 31 ke cikin littafi yanzu, 19 da cikakkun iyakoki.

23 ga Maris

Azumi. Ba na wahalar da dattawa da tambaya. Bayan asham nake zama in mai da naɗi rubutu, minti goma na magana yana cin awa guda. Na kwafe komai a wuri uku, ɗaya a gidan ƙanwata.

20 ga Afrilu

Na daɗe ina zaton duk gandayen na Sarki ne da hakimai. Yau wani tsohon mai jakuna ya gyara mini. Fatake ma sun yi gandu a kewayen birni: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu safarar goro daga Gwanja, irin su Kundila da har yau ake buga misali da dukiyarsa. Falke yana buƙatar guzurin ayari da abincin jakuna da wurin da dabbobi za su huta tsakanin tafiya da tafiya, riba kuma a lokacin ba banki ake kai ta ba, gona da mutane ake saya da ita.

Shi ya buɗe mini ido a kan abin da ake shukawa bayan hatsi. Auduga da baba. Audugar ta zama zare a hannun mata, ta zama sawaye a masaƙa, baban ya tafi karofi, a rina a buga, turkuɗi da kore su kama hanyar Agadas da Barno da bayan Sahara. Muna kai baƙi Ƙofar Mata mu nuna musu marina, kuma ta cancanci a nuna. Ba mu taɓa kai su gonar da shunin ya fito ba.

Ya kuma ba ni labarin taki. Da rani jakuna su fito daga birni da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zube a gona tsibi-tsibi, su koma da itace da kara. Shi ya sa ƙasar kewayen Kano take ɗaukar shuka shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba. Shi kansa ya yi wannan jigilar yana saurayi, sawu biyu a rana. Ya ce baƙar ƙasar da nake gani a tsofaffin gandaye ba haka Allah ya halicce ta ba, a bayan jaki aka kawo ta.

Na tambaye shi daga ina aka kawo mutanen. Ya ce daga kudu galibi, wajen Ningi da Warji da ƙasar Bauci, wasu daga Adamawa ta kasuwar Kurmi. Ya ce kuma kada in manta abin yana juyawa: Ningawa sun kwashi Kanawa, Damagarawa ma a zamanin Ahmadu Kuran Daga sun kawo hari ƙasar Kano sun tafi da mutane. Wanda ya kwana ɗa yana iya wayar gari a igiya.

11 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, manoma suna sassabe suna ƙona kara. Ƙanwata ta koma wurin tsohuwa mai gyaɗa don ta karanta mata abin da muka rubuta daga bakinta, ta ji ko akwai gyara. Da suka gama sai tsohuwar ta tambaye ta, su 'ya'yan wane gida ne da suka damu da wannan zance haka. Ƙanwata ta faɗi sunan kakarmu da unguwar da aka kai ta aure.

Tsohuwar ta ajiye abin da ke hannunta. Ta sa aka kira ni, aka yi mini iso har tsakar gida, karo na farko. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ashe kai jikan Yaya ne." Tare suka yi tallan fura, kakata ce babba. Ta ce kakar kakata yarinya ce aka kawo ta, ba ta jin Hausa, da wani suna da ba wanda ya iya faɗa, aka sa mata wani. Ta faɗi na biyun. Irin sunayen nan ne na godiya da ake sa wa wanda aka samu, ba wanda aka haifa ba. Na farkon ya tafi. Ta ce har ta tsufa idan tana daka takan yi wata waƙa da bakinsu, yara su taru suna dariya, ita kuma ba ta fasawa.

Na ce, "Iya, a wace gona?"

Ta kwatanta. Tudun nan ne mai baƙar ƙasa, inda na tsinci bakin tulu a watan Oktoba. Bakin tulun yana cikin aljihun jakata tun ranar.

Na rubuta sunan a littafin rufe. Ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai mahaifiyata da ƙannenta biyu da 'ya'yansu, sai na zauna da su. Da daddare na je na faɗa wa Umma. Ta yi shiru har na zaci ranta ya ɓaci, sannan ta tambaye ni ko mota tana isa wurin. Na ce tana isa bakin layin gamba, daga nan sai ƙafa. Ta ce in nemo mota ranar Asabar, mu je da sassafe kafin a yi shuka, in kuma taho da littafin.